Ranar da Motar Yaya Ta Hau Kubri

Har yau in na ji ƙarar mota daga nesa, sai abin da ke hannuna ya kuɓuce. Yatsun ne ke saki da kansu. Na fasa kofunan shayi har Inna ta daina ba ni tire in kai wa baƙi. Abin da ban taɓa faɗa mata ba shi ne, da zarar faɗuwar gaban ta lafa, sai in tsaya ina saurare ko ƙarar irin ta motar Yaya ce. Na kuwa san inda motar take. Tana bayan gidanmu gindin darbejiya, kaji na yin ƙwai a kujerarta.

Duk wanda ya san Jazira ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. In ka tsaya a ƙofar gidanmu kana iya hango mai jaki tun yana ɗan ɗigo a can ƙarshen gonakin auduga, ka shiga ka sha ruwa ka fito bai iso ba. Tudun da muke da shi ɗaya ne tak, gaɓar babbar tur'a, wato hanyar ruwan da ta taso daga dam ɗin Makwar take shayar da gonaki. Waɗanda suka haƙa ta sun tara ƙasar a gefe ta yi tsauni, aka ɗora kubri, wato gada, a samansa. Ƙauyenmu yana wannan gefen. Kasuwar garin Hajj Abdalla da manyan gonakin da matan garinmu ke zuwa tsinkar auduga suna wancan gefen. Duk mai fita sai ya hau, sai kuma ya sauka.

Yayana ya girme ni sosai, kuma tun da Baba ya rasu shi ne namijin gidan. Mu uku ne, ni da shi da Inna. Bai taɓa son fartanya ba. Ya yi yaron mota a birnin Madani shekarun da nake makaranta a can, kuma shekarar da na gama sakandare na dawo gida ina jiran a kira ni makarantar horon malamai, sai ga shi ya shigo gari da wata tsohuwar akori-kura da ya saya a gwanjo. Arabiyya muke ce mata, kamar yadda kowa ke faɗa a nan. Fentinta ya koɗe har ba a gane launinsa na asali, ba ta tashi sai an zura ƙarfe ta gaba an murɗa, kuma in ta tashi duk jikinta rawa yake kamar mai masassara. Amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana tafiya. Matsalarta kubri.

In babu kowa a ciki, tana hawa da nishi. In kuwa an cika ta da mata da buhunansu da kwanonin kisra, abincin da za su ci a gona, sai ta kai rabin tudun ta tsaya tana tari. Sai Yaya ya leƙo da kai ya ce, "Iyayena, a yi haƙuri." Kowa ta san ma'anar wannan. Sai a sauko a tura. In ta kai sama ya gangara da ita a hankali ita kaɗai, ya tsaya a ƙasa, matan su biyo a ƙafa suna haki su sake hawa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce shugabar masu mita. Gajeriya ce mai ƙiba, bakinta ya fi ƙafarta sauri.

"Kai ɗan nan, mi wannan? Iyayenmu da ƙafa suka taho tun daga Sakkwato, amma ban ji an ce sun tura kowa ba. Mu ga shi mun samu ci gaba, muna biya muna turawa."

"Gwaggo, motsa jiki ne. Likita ma zai yaba."

"Likitan uwaka. In na mutu kan tudun ga, ita za ta kai ni maƙabarta ko ni zan kai ta?"

Matan su kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma ina ganin kunnuwansa ta baya, na san abin yana cinsa.

A shekarun nan samarin garinmu duk garin Damazin suke tafiya. Tun da aka gama dam ɗin can aka buɗe manyan gonakin dawa, ana neman masu tuƙa tarakta, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa sai da salla, wani ma sai a ji ya yi aure a can. Abokan Yaya sun tafi ɗaya bayan ɗaya, suna aiko masa da saƙo ta bakin direbobi cewa gurbinsa na nan. Motar ce kaɗai ta riƙe shi. Da kakar tsinka ta matso, samad, wato shugaban manoman yankinmu, ya kira shi ya ce masa a fili: yana son motar da za ta riƙa kai mata gona da safe ba tare da sun sauka sun tura ba, don suna isa a gajiye rana ta riga ta ɗaga. In tasa za ta iya, aikin kakar duka nasa ne, da na shekarun gaba. In ba za ta iya ba, zai kira babbar mota daga Hajj Abdalla.

Da yamma Yaya ya faɗa mana muna zaune a rumfa. Ya ce, "In ta hau, ina nan. In ta ƙi, sai Damazin." Inna ta ci gaba da juya ƙwayar gahawa a kan garwashi har ta kusa ƙonewa. Ni ce na ce, "Za ta hau." Ban san komai game da mota ba. Na san dai ba na son in wayi gari gidanmu babu takalmansa a bakin ƙofa.

Ba shi da halin sayen sabon inji, ko rabinsa. Abin da yake da shi shi ne dabarun da ya tsinto a bakin direbobi, da ranakun Juma'a kafin masallaci, da ni. Waɗannan safiyoyin su ne abin da na fi kewa yanzu, fiye da yadda zan iya faɗa wa kowa a gidan nan.

Mukan shimfiɗa tsohon buhu a inuwar darbejiya. Ya kwance fulogogi ya jera mini, ni kuma in kankare baƙin da ya daskare a bakinsu da guntun samfefa har ƙarfen ya yi fari. Yana auna tazarar bakin da reza, ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya kamar mai duban wata. Matatar iska kuwa a kananzir muke wanke ta, ruwan ya fito jawur da ƙurar hanya, mu shanya ta a kan danga kusa da zanen Inna, Inna ta fito ta kwashe zanenta tana faɗa. Kafireto ya fi ba shi wahala. Yakan warware shi gunduwa-gunduwa a cikin faranti, ya zare zare ɗaya daga kabar tabarma ya zura cikin ƙananan ramukan, sannan ya sa baki ya hura. Duk ranar bakinsa warin fetur yake, ko shayi ya sha sai ya ce fetur ne.

"Malama," haka yake kirana tun da na gama makaranta, "a littafinku an ce mi ke sa mota gudu?"

"An ce wuta da iska da mai."

"To ai ga su muna ba ta. Saura ta ji kunya."

Lagireto ya toshe da laka, don ruwan tur'a yake zuba masa, ruwan tur'a kuwa rabinsa ƙasa ne. Muka wanke shi har ruwan ya fito garau, daga nan ya kafa doka: ba za ta ƙara shan ruwa ba sai na randa, wanda ya kwana ya kwanta, a tace da tsohon mayafin Inna. Ya zama motar tana shan ruwan da ya fi na wasu mutane tsabta. Da ya ga lagireton na ɗiga, ya zuba masa cokalin dakakken barkono, wai yana toshe ƙananan huda. Ya toshe kuwa. Sai dai ranar farko duk wadda ta zauna kusa da gaba sai da ta yi atishawa har gona. Wani direba a kasuwa ya ce masa ƙwayar kafur a cikin tanki tana ƙara wa fetur ƙarfi, ya lallaɓa ya kwashe na cikin akwatin Inna. Ban san ko ya ƙara mata komai ba. Gwaggo dai ta shaƙa ta ce, "Yau kuma gawa muka ɗauko ko amarya?"

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai mu gwada. Yakan loda buhunan ƙasa a baya a madadin mata, mu nufi kubri. Akwai wata tumfafiya a gefen tudun, da ita muke gane ci gaba. Da farko motar ba ta kai ta. Bayan fulogi da kafireto ta kai. Bayan ya ɗan murɗa kan da wayoyin wuta ke fitowa, yana kasa kunne har ƙarar ta yi masa daɗi, ta wuce tumfafiyar da tsawon mutum. A nan take tsayawa, mu sauke buhunan mu juyo. Yana dukan sitiyari yana ce mata, "Haba hajiya, saura kaɗan."

Daga nan ya koma rage mata nauyi. Ya cire bamba ta gaba da ta baya. Ya cire murfin baya ya ɗaura igiya. Ya ajiye safayar taya a gida, ya ce in ta yi faci Allah na nan. Ya cire salansa, don an ce tana shaƙe numfashin inji, daga ranar kuwa in ya tayar da ita jakunan unguwa sai sun tsinke igiya. A ƙarshe ya kwance ƙofofin gaba biyu ya jingine su a bangon ɗakinsa.

Inna ta tsaya tana kallo ta ce, "Kai, in ka ci gaba sai ka bar sitiyari kaɗai."

"Inna, shi ma ina tunaninsa."

Akwai wani ɗan gwangwani a cikin injin da yake buɗewa kowane mako ya ƙara masa ruwa. Na tambaye shi, ya ce na birki ne, yana ɗan yoyo ta wani wuri da bai gano ba. Man birki sai Madani, shi ya sa yake kaɗa sabulu a ruwa ya zuba, kamar yadda direbobin kasuwa da yawa ke yi. Na ce ba komai? Ya yi dariya.

"Malama, a Jazira wa ke neman birki? Ɗaga ƙafa kawai, ƙasar da kanta za ta tsai da ke. Mu matsalarmu tahiya, ba tsayawa ba."

Ni ma na yi dariya, don gaskiya ce a wurinmu. Na sha ganinsa ya zo ƙofar gida ya ɗaga ƙafa tun daga masallaci, motar ta silalo ta tsaya daidai gindin bishiya. Babu wanda ya taso a garinmu da tunanin gangara. Kuma duk tsawon watannin nan motar ba ta taɓa sauka daga kubri da kaya ba. Kullum a rabin hawa ake sauke mata, ta gangara fayau. Wannan bai zo wa kowa a rai ba, har samad, har direbobin da suka ba shi shawara.

Ranar gwajin gaske da sanyin safiya ne, irin sanyin lokacin tsinka da ke sa yatsu su ƙage. Matan suka cika baya maƙil, kowace ta duƙunƙune cikin mayafi, Gwaggo a gaba-gaba ta kama ƙarfen bayan kan direba. Yaya ya ce in zauna kusa da shi, wai ni ce rabin injiniyan. Babu ƙofa, sai na riƙe gefen kujera da hannu biyu. Ya murɗa ƙarfen, ta tashi a bugu na farko, abin da ba ta saba ba. Ya yi bisimilla.

Ya faro gudu tun daga nesa. Iska na shigowa ta inda ƙofa take a da, hawaye na zubo mini don sanyi. Muka kama tudun. Na ga tumfafiya ta zo ta wuce. Na jira tarin nan da na sani, bai zo ba. Injin na ruri, motar na hawa, matan baya suka fara guɗa tun ba mu kai ba. Na ji muryar Gwaggo a sama da ta kowa: "Ta hau! Wallahi 'yar banza ta hau!" Tayoyin suka buga katakon kubri, na ga ruwan tur'a a ƙasa yana ƙyalli, na juyo na dubi Yaya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, duk haƙoransa a waje kamar yaro ranar salla. Ya ce, "Malama, kin gani?" A raina na ce shi ke nan, ba zai tafi ba.

Wannan fuskar nake ƙoƙarin riƙewa. Amma ba ta zuwa ita kaɗai.

A wancan gefen hanyar tana gangarawa, a ƙasa kuma sai ta yi kwana ta bi gefen wata ƙaramar tur'a. Na ji ƙafarsa ta buga birki, na ji ƙarfen ya taɓa ƙasan motar, ƙwal. Ya sake bugawa. Ya sake. Ya kama giya yana ƙoƙarin mayar da ita baya, tana ta gurnani ta ƙi shiga. Matan ba su sani ba, suna ta guɗa. Bai yi ihu ba. A hankali ya ce, "Riƙe da kyau," kamar mai ce mini in riƙe masa sifana.

Ban san yadda muka bar hanya ba. Na san sanyin ruwan, da duhunsa, da yadda ya shiga hancina da ɗanɗanon laka. Motar ta kwanta a gefen da nake. Na rasa sama da ƙasa. Mayafina ya naɗe a wani abu, ina ja yana ja. Sai na ji hannu ya kama wuyan rigata ya fizge ni ta wajen da babu ƙofa, na fito ina amai da ruwa. Ya jefa ni kan gaɓa bai ko dube ni ba, ya koma. Ruwan iyakarsa ƙirji, amma mata cikin mayafi da buhuna, wasu a ƙarƙashin wasu. Ina zaune cikin laka ina kallonsa yana fito da su ɗaya-ɗaya, goshinsa na zubar da jini, yana kiran kowace da "Inna, Inna, kama ni." Mutanen gona suka rugo.

Babu wadda ta mutu. Na rubuta wannan ne don in gani da idona a rubuce, don jikina har yanzu bai yarda ba. An samu raunuka da targaɗe. Gwaggo ce ta karye a cinya, aka ɗauke ta a kan gado zuwa Hajj Abdalla, daga can aka wuce da ita asibitin Madani.

Garin bai tsangwame shi ba. Dattawa suka ce ƙaddara ce, samad ya zo da kansa ya yi jaje, bai ɗaga maganar aiki ba, washegari dai babbar mota ta zo daga kasuwa. Da muka je duba Gwaggo, Yaya ya tsuguna a bakin gadonta ya kasa ɗaga kai. Ta miƙo hannu ta dungure shi.

"Tashi, ɗan nema. Ai ta hau, ni shaida ce. Saukar ce ba ka koya mata ba."

Ya yi ƙoƙarin dariya, sai kuka ya ƙwace masa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar rasuwar Baba.

Shanu aka ɗaura suka jawo motar zuwa gida. Ya wanke ta, ya zubar da ruwan da ya shiga injin, ya sa mata sabon baƙin mai, ya mayar da ƙofofin. Na ɗauka gyara yake don ya ci gaba. Har na kawo samfefa na zauna a kan buhu. Sai na ga ya ɗora ta a kan duwatsu ya sassauta iskar tayoyin, na gane. Gwaggo ta dawo da sanda, tana jan ƙafa, kuma duk sanda ta wuce ƙofar gidanmu za ta je rijiya sai ya shige ɗaki.

Da safen da zai tafi na bi shi har bayan gida. Na ce, "Ai ka ce in ta hau kana nan." Ya dubi motar. Ya ce, "Na ce." Ya ciro ƙarfen tayarwa daga ƙarƙashin kujera ya sa mini a hannu.

"Ba sai kin tashe ta ba. Ki dai riƙa murɗa shi duk Juma'a, ya zagaya kaɗan, kada injin ya daskare. In ya daskare shi ke nan."

"Sai yaushe?"

"Ki dai riƙa murɗawa, Malama."

A ƙafa ya tafi tasha, ta kan kubrin. Na tsaya ina kallonsa har ya hau tudun, ya zama ɗan ɗigo a sama, ya sauka ta wancan gefen. Wannan ne kaɗai wurin da mutum ke ɓacewa daga ido a ƙasarmu.

Kaka ta wuce, damina ta zo ta wuce. Direbobi na kawo gaisuwarsa da buhun dawa. Da salla bai zo ba. Kiran makarantar horon malamai ya iso, na ce wa Inna sai baɗi, don har yanzu ba na iya sa ƙafa a cikin mota, kuma jirgin ƙasa ma sai an haye kubri ake samunsa. Ina jin ta san ba wannan ne dukan dalilin ba.

Ranar Juma'a, in maza sun fara shirin masallaci, nakan zaga baya. Nakan kori kaji, in kwashe ƙwan. Ba na kallon kujerar da na zauna. Warin laka bai gama fita daga cikinta ba, kuma in ya buge ni sai in dafa bishiya. Ina jira ya wuce. Sannan in durƙusa a gabanta, in zura ƙarfen a raminsa, in kama shi da hannu biyu. Da nauyi. Sai na sa dukan jikina kafin ya motsa, in ji injin ya ja numfashi a ciki, fuu, ya sake.

Makon jiya Gwaggo ta same ni a haka, ta tsaya ta jingina da sandarta tana kallo.

"Har yanzu tana juyawa?"

Na ce tana juyawa.

Ta ce, "To madalla. In ɗan banzan ya dawo, ki ce mashi gaba zan zauna."